Hoda A Gashin Vasemaca

Babban yatsana na dama har yau ba ya lanƙwasuwa daidai, kuma Vasemaca ce sila, ko da yake ita cewa take ni na jawo wa kaina. Wata Juma'a ce a kasuwar Nausori na zo giftawa ta gaban teburinta, na ga ta juya baya tana sallamar wata mata. 'Yar gwaggona ce, taubashiyata, don haka duk abin da na ɗauka a teburinta ba sata ba ne, hakkina ne tun kaka da kakanni. Na zura hannu a buhun da ke ƙarƙashin tebur ina zaton lemo ne. Ashe ƙaguwa ce wadda ba ta kai ga ɗaurewa ba, irin ƙosassun nan masu hannu kamar filaya. Ta damƙe ni. Na yi tsalle, na yi juyi, na kira sunan uwata da ta shekara goma a kabari, kasuwa kuwa ta tsaya cak tana kallon wani ƙato mai furfura yana rawa da ƙaguwa a hannu. Vasemaca ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta ƙulle wa matar nan kayanta, ta yi mata a sauka lafiya, sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaye ni ko a naɗe mini ita, tunda dai na riga na zaɓa.

To wannan ita ce Vasemaca. Shekarunta hamsin da bakwai, gajeriya, kakkaura, hannuwanta duk tabo. Tun tana 'yar shekara tara uwarta ta fara shiga da ita kurmin taɓo na bakin kogin Rewa, kuma har gobe ruwa ne agogonta: in ya janye ta shiga, in ya fara dawowa ta fito. Ba ta kafa tarko. Rami take bi, ta zura hannu har kafaɗa, ta kamo ƙaguwa ta baya, ta ɗaure kafin ita ƙaguwar ta gane abin da ya same ta. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta riƙe ɗanta Peniasi har ya zama malamin makaranta, ta sake wa gidansu rufin kwano bayan guguwa ta yi gaba da na farko. Ba ta tsoron taɓo, ba ta tsoron masu tsaron kasuwa, ba ta tsoron fasto. Mutum ɗaya na san tana shakka a duniya, Torika, yayar mijinta.

Abu ɗaya kuma na san yana narkar da ita, Samarin Bakin Gaɓa. Su huɗu ne, biyu da gita, ɗaya da 'yar ƙaramar nan mai tsirkiya huɗu, ɗaya kuma aikinsa riƙe babbar murya daga ƙasa. Ƙaraminsu ya daɗe da ba sittin baya, amma sunan samari ya ƙi sakinsu. Manoma ne na tsibirin arewa, ba su cika ƙetaro teku ba. Vasemaca tana amarya ta fara jin su a rediyo, tun daga nan kuma ba ta warke ba. In za ta shiga taɓo sai ta ƙulle rediyonta a leda ta rataye a reshe, tana rantsuwa cewa in Apisalome, jagoransu, ya ɗaga siririyar muryar nan tasa, ƙaguwa da kanta take leƙowa. Mijinta Savenaca kafinta ne kuma shi ke jan mawaƙan coci, a wurinsa wannan kiɗan mutanen da ke kewaye ƙwaryar yangona ne, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, suna sha har ƙafa ta mutu. Saboda haka kaset-kaset ɗinta a cikin gwangwanin shinkafa suka yi rayuwarsu. Ta san wanda ya yi tari a kowane kaset, ta san inda tsirkiya ta tsinke aka ci gaba, amma shekara talatin da biyu ba ta taɓa ɗora ido a kansu ba. Sau ɗaya suka zo Suva, babban birnin da ke kusa da mu, ranar kuma babbar 'yarta ta tashi da naƙuda.

Bana, a watan Afrilu, Savenaca ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki da zarto a hannu. Aka kai shi ƙauyensu can arewa aka binne, aka sa baƙaƙen kaya na kwana ɗari. Kowa ya ɗauki abin da zai bari don mamaci. Peniasi ya bar aske gemu. Ni na bar taba, na riƙe kwana shida cur. Vasemaca ta naɗe rediyonta a rigar matashi ta kawo wa matata, ta ce ko da kuka ta zo nema kada a ba ta.

Torika kuwa ba ta zauna a ƙauye ba, ta biyo su Nausori wai taya matar ƙanenta zaman takaba. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shekara saba'in da huɗu, gwiwa ta lalace amma ido da hanci suna nan kamar na budurwa. Tsohon ƙullinta kowa ya san shi: wata 'yar Rewa ta riƙe mata ƙane a ƙetaren teku shekara talatin, bai koma gida ba sai a akwati. Ita ce babba a gidansu, da hannunta za a cire wa kowa baƙaƙen kaya ranar cikar kwana ɗari. A taron kwana goma, gaban dangi, ta faɗi maganarta ba tare da ta dubi kowa ba.

"Wadda ta riƙe kwana ɗarin nan da tsabta, ni zan cire mata da hannuna. Wadda ba ta riƙe ba, shekara tana nan tana jira."

Kowa ya san da wa take. Vasemaca kuwa ta riƙe. In ta ji kiɗa a wani shago sai ta tsallaka titi. Bikin 'yar maƙwabciya ta aika da ƙaguwa ba ta je ba. Wata rana tana kankare kwakwa ta kama kanta tana 'yar waƙa a hanci, ta yi shiru, ta yini tana satar kallon Torika ko ta ji. Ta rame. Ba nauyin baƙin kaya ne ya ramar da ita ba, tsoro ne kada a tsaya gaban mutanen ƙauyen mijinta a ce ga shi nan, dama mun faɗa, ba ta taɓa damuwa da shi ba.

Ranar Laraba, kwana casa'in da bakwai, muka kama hanyar arewa mu uku, ita da Torika da ni, ɗan dakon da ba a biya. Peniasi da 'yan'uwansa sun riga sun yi gaba. Kaya ne na kai wa dangin miji: tabarmi goma sha biyu da ta yi wata uku tana tarawa, yadi masu furanni, kwalaben man kwakwa. A jirgin ruwa teku ta yi ta jijjiga mu, rabin fasinja suna rungume da bokiti, Torika na zaune ƙyam tana cin rogo da kifi. Vasemaca ta sauka ƙasan jirgin wajen motoci ya fi sau biyar tana duba ko ruwa ya taɓa tabarmi. Na ce mata ta zauna, tabarma ba ta amai. Ta ce in ina son in isa da haƙorana in yi shiru.

Daga Nabouwalu, inda jirgin ya sauke mu, bas ta ɗauke mu. Mun yi kamar awa biyu sai direba ya taka birki ya kashe mota. An kwana ana ruwa a kan duwatsu, kogi ya hau kan gada, ja wur, yana tafe da rassan itace. Direba ya ce sai ya sauka, awa biyu ko uku, wanda ke sauri ya yi iyo. Akwai ƙauye a nan gefen hanya. Wata mata ta ga Torika da sanda da baƙaƙen kaya, ta zo da ladabi ta ja ta zuwa barandarta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗora shayin ganyen lemo.

Vasemaca tana tsaye a bakin bas tana gyara ledar da ta rufe kaya, sai lasifika ta yi ƙara daga can bayan coci. Wani ya hura, wani ya yi tari, aka ɗan taɓa tsirkiya sau uku ana daidaitawa. Hannunta ya tsaya a kan leda. Ta san tarin nan. Wani fasinja ya tambayi mutanen gari abin da ake yi, aka ce taron tara wa makaranta gudummawa ne, an samu tsofaffin nan na bakin gaɓa sun yarda sun zo.

Ni kuwa bakina ba ya shawara da ni. Na matso na ce, "Taubashiya, ga mazajenki can sun fito tarbarki."

"Ilaitia, rufe mini baki," in ji ta, amma muryar ba tata ba ce.

Ta zauna a kan dutse ta ba filin makarantar baya. Ta ce wa kanta abin da iska ta kawo mata ba ita ta je nema ba, ko Torika ba za ta kama ta da wannan ba. Amma iskar ma wasa take da ita, ta kawo rabin baiti ta kwashe sauran, ga ƙugin kogi yana taushe komai. Ta lissafa: tsakaninta da su bai fi taku ɗari uku ba. Apisalome ya haura saba'in. Ita kuma bayan Asabar ba ta ga abin da zai sake biyo da ita wannan hanya ba. Ta kalli baranda, Torika na hura shayi. Ta kalli kogi, bai ko motsa ba. Saura kwana uku, ta faɗa wa kanta, kwana uku kacal, mace mai hankali ta zauna.

Ta tashi ta kamo hannun rigata. Ta ce in je in zauna wajen Yaya, in yi ta zuba tunda Allah ya ba ni bakin da ba ya gajiya, in an tambaya ta je neman bayan gida. Waƙa ɗaya za ta ji, ta ga fuskokinsu, ta dawo. Na dafa ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

A nan ta yi kuskuren. Ta duba kanta, baƙi tun daga wuya har idon sawu, ta ga in ta shiga filin nan a haka kowa sai ya juyo, kuma ƙauyen mijinta awa biyu ne daga nan, labari zai riga bas isa. Sai ta zagaya bayan mota, ta buɗe jaka, ta zaro yadi ɗaya daga cikin na kai wa dangi, ruwan ɗorawa mai manyan jajayen furanni, ta yafa shi tun daga kafaɗa har ƙasa. Alhali ta fi kowa sanin cewa baƙin kaya katanga ne. Da ta je a yadda take, da an shimfiɗa mata tabarma can baya, an kawo mata shayi, an rage murya in an zo kusa da ita, ba mai taɓa ta. Ita da kanta ta sha yi wa wasu matan haka. Amma mai tsoro ba ya tuna abin da ya sani.

Ta laɓe a gindin wani mangwaro a ƙarshen fili. Ga su nan. Tsofaffi huɗu zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfar kwano, ƙwaryar yangona a gabansu, abin magana guda ɗaya an ɗaure shi a sanda da robar taya. Shekara talatin da biyu tana ganin Apisalome a ranta dogo, mai faɗin kafaɗa, mai suma. Ashe ɗan tsurut ne, mai sanƙo, tabarau ɗaure da zare, ƙafa ɗaya naɗe da bandeji. Ta ji kamar an yi mata ƙwace. Har ta ɗaga ƙafa za ta juya, sai ya gyara zama ya buɗe baki.

Ba ta ji daɗin waƙar farko ba, ita ta faɗa mini. Rabin hankalinta yana kan hanya. Duk ƙarar da ta ji sai ta ɗauka hon ɗin bas ne, duk tsohuwar da ta gifta da sanda sai gabanta ya faɗi. Ta ce wannan ba ta shiga lissafi ba tunda ba ta ji ta sosai ba, bari ta tsaya ta biyu. Ta biyu ta ƙare, ta ce ta uku ce ta ƙarshe. Ta uku kuwa sai ta zamo wadda take so, ta mutumin nan da ke zaune a bakin gaɓa yana jiran jirgin kwasar kwakwa, da wasiƙa a aljihu wadda bai iya karantawa ba. Akwai wani wuri a cikinta da Apisalome yake hawa sama, sama, har sai tsikar jikin mutum ta tashi. Vasemaca ta riƙe numfashi tana jira. Ya taso, ya taso, sai muryar ta gaza. Kafin ta faɗi, na kusa da shi, mai ƙaramar gita, ya ɗauke ta daga bakinsa ya ƙarasa, ko kallon juna ba su yi ba. Duk filin ba wanda ya lura. Ita ta lura. Hawaye suka zubo mata, ta manta da bas, ta manta da kogi, ta bar gindin mangwaro ta matsa gaba ba ta sani ba.

Lokacin ne matan gari suka taso da hoda. Suka nufi rumfa suna rangaji, suka zazzaga wa tsofaffin a ka, suka shafa musu a kumatu, wata ta cusa wa Apisalome alewa a baki yana tsakiyar baiti, wata ta yafa masa zani, fili ya kaure da shewa. Da suka gama da makaɗa suka juyo kan 'yan kallo, kamar yadda aka saba. Wata ƙatuwa mai fure a kunne ta hango baƙuwar fuska cikin sabon yadi.

"Ke 'yar'uwa, wannan yadi sabo fil kika zo ki ɓoye mana shi a bayan mutane?"

Kafin Vasemaca ta haɗa kalma biyu, rabin gwangwani ya sauka a kanta. Matar ta murza mata saura a kumatu, ta saƙalo hannunta za ta ja ta fagen rawa. Vasemaca ta turje, yadi ya zame daga kafaɗa, baƙar riga ta bayyana.

Matar ta saki hannunta kamar ta taɓa wuta. Ta rage murya ta ce, "Haba 'yar'uwa, me ya sa kika rufe? Na wa?"

"Mijina."

"Saura nawa?"

"Uku."

Matar ta dafe baki. Ta yafito wasu biyu, suka kewaye Vasemaca suka yi bayan makaranta da ita wajen famfo. To gashin Vasemaca irin namu ne na asali, cunkus, tsaye kamar kwando, kuma da safen nan ta shafe shi da man kwakwa. Hoda ta shiga ta samu wurin zama. Da suka kakkaɓe sai ta ƙara nutsewa, da suka zuba ruwa sai ta zama kunu. Mata uku suna dirza, ɗaya tana ba da haƙuri, ɗaya tana cewa a kawo sabulun wanki, ita kuwa tana durƙushe tana jin waƙa ta huɗu ta bayan bango, ruwa fari-fari yana gangarowa kan baƙar rigarta. Sai ga hon, na gaske wannan karon, dogo, sau uku.

Ni fa, ina nake? Na zauna wajen Torika, Allah shaida, na yi minti goma ina ba ta labarin ciwon bayana. Sai mazan gari suka aiko a kira baƙi na cikin bas su zo a sha yangona, kuma ba a aiko wa mutum da irin wannan kira ya ce yana da aiki. Na ce ƙoƙo ɗaya. Ƙoƙo ɗaya ya haifi bakwai. Barandar nan kuwa, sai da muka zo tafiya na lura, tana kallon filin makaranta ta tsakanin coci da tankin ruwa.

Vasemaca ce ta ƙarshen shiga mota. Ta tura yadin can ƙasan jaka, ta zauna kusa da Torika don ba wani wurin. Gashinta jiƙe, launin toka, rigarta da dabbare-dabbare a kafaɗa, motar gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin jariri sabon wanka. Muka hau gada, ruwa yana lasar taya. Sai da muka ƙetare Torika ta yi magana, idonta a kan taga.

"Maman Peniasi, kin samu bayan gidan?"

"Na samu, Yaya."

"Da nisa, ko?"

"Da ɗan nisa."

Shi ke nan. Awa biyu ba ta ƙara ko tari ba. Da ta yi faɗa, da Vasemaca ta san inda take. Ta yi ta juya abin a ranta: ta gani ne, ko ƙamshi kawai ta ji? In ƙamshi ne, ana iya cewa wata ce ta goge ta a hanya. In ta gani, me ta gani, tsayuwar ko yadin? Sauraron kiɗa laifi ne ƙarami, ana iya yafe wa mace. Amma sa kaya mai launi kafin a cire maka baƙi, wannan cire wa kanka ne da kanka, kamar ka ce dangin mamaci ba su da amfani.

Alhamis da Juma'a a ƙauye Vasemaca ta yi aiki kamar baiwa. Ta fere gwaza har hannunta ya yi ƙaiƙayi, ta matse kwakwa, ta share kabari, ta wanke gashinta sau huɗu a rafi. Torika kuwa ba ta taɓa yi mata magana mai taushi irin ta kwanakin nan ba: ki huta mana, kin ci abinci kuwa, a ba Maman Peniasi kan kifin. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Sau uku tana ɗaukar shayi ta nufi ɗakin tsohuwar da niyyar durƙusawa ta faɗi gaskiya, sau uku tana tarar da mutane. Na huɗu ta same ta ita kaɗai, ta ajiye kofi, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambaya ko sukari ya isa. Ranar Juma'a da yamma mata suka zauna warware kayan da aka kawo. Torika tana ɗaga yadi ɗaya-ɗaya tana yabawa. Da ta zo kan mai ruwan ɗorawa ta ɗan tsaya, ta kai shi hanci, ta ninke shi da kyau, ta ajiye a gefen cinyarta, ta ɗauki na gaba.

Asabar da hantsi, bayan fasto ya yi addu'a, masu makoki suka jeru a kan tabarmi a babbar rumfa, gari duk ya hallara. Torika ta taso da sandarta, mata biyu na biye da ita da kaya. Aka sa wa gemun Peniasi almakashi, maza suka yi masa tsiya wai ashe akwai fuska a ciki. Aka zare wa 'yan'uwansa mata baƙaƙen riguna, aka ɗaura musu masu furanni, aka rataya musu furanni a wuya, aka shafe su da mai, aka zuba musu hoda, kuka ya koma dariya. Har ni da tabata ta kwana shida na samu rabona. Vasemaca ce a ƙarshen layi, kanta a sunkuye, tana kallon ƙafar sandar nan tana matsowa.

Sanda ta tsaya a gabanta. Torika ba ta ɗaga murya ba, amma rumfar ta yi tsit, kowa ya ji.

"Maman Peniasi, ke kin riga kin yi naki ranar Laraba a hanya. Mutanen da ba su san ƙanena ba su suka yi miki. Ba zan maimaita aikin da wasu suka gama ba. Ki bari shekara ta cika, in ina raye ni zan cire miki." Ta karɓi yadin nan mai ruwan ɗorawa daga hannun ta bayanta, ta ɗora mata a cinya. "Wannan ki riƙe, tunda kin ɗana shi."

Peniasi ya yunƙura zai yi magana, uwarsa ta dube shi ya koma ya zauna. Ta tafa hannu sau uku, tafin girmamawa, ta ce ta ji, Yaya, ta gode. Aka ci gaba da biki. Ita kaɗai ce baƙa a cikin furanni, tana zuba wa mutane abinci, mata suna kau da kai in ta matso. Daga baya ta gaya wa matata cewa ranar ce ta fara cin abinci ya zauna mata tun da aka binne Savenaca, don abin da take tsoro ya riga ya faru, ba sauran abin jira.

Yanzu wata na biyar ke nan da dawowarmu. Tana nan a teburinta duk Juma'a da Asabar, baƙi tun daga wuya har idon sawu, kuma labarin ya daɗe da ƙetaro teku, kasuwa duk ta sani. Makon jiya na tsaya a gabanta, na ga ranta a sake, na ce bari in taɓa.

"Taubashiya, ke da kika iya ciniki. Waƙa uku da rabi ta tsofaffi masu tari, wata tara na ƙarin baƙin kaya. Gaskiya an cuce ki."

Ba ta ko ɗago daga igiyar da take ƙullawa ba.

"Baƙin na mijina ne, bai yi mini nauyi ba, kuma na ga abin da na je gani. Kai da aka ba tsaron tsohuwa ɗaya mai ciwon gwiwa ta gagare ka, ka ji da kanka. Ranar da ka mutu, Ilaitia, ni zan kai wa matarka hoda, tun kafin a gama rufe ramin."